Ƙulli Uku a Bakin Mayafi

Gwaggona ta sauka Dubai da jaka biyu, ɗaya tata, ɗaya ta jama'a. Duk wanda ya taɓa zama a waje ya san jakar jama'a. Da zarar an ji za ka ƙasar da ɗan wani yake, to ka zama ɗan aike kyauta. Wannan ta kawo yaji, wancan ya kawo hula, wata ta kawo abin da ba za ta faɗa maka ko mene ne ba, an naɗe shi da baƙar leda an ɗaɗɗaure da salatif. Na tarbe ta a filin jirgi ina cewa, "Gwaggo, duk wannan lodin fa?" Ta ce, "Ke dai ɗauki, ba a tambayi bakinki ba." Shekarata shida ina aikin jinya a wani asibiti a nan, amma a wurinta har gobe yarinyar nan ce da ta goya bayan rasuwar mahaifiyata.

Ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba. A gida ana ta kaɗa gangar zaɓe, ita kuwa ita ce shugabar mata ta jam'iyya a mazaɓarmu tun ina firamare. Shugaban jam'iyyar na ƙaramar hukuma ne ya turo ta ta zaɓo mayafan da za a raba wa mata, ruwan ɗorawa, kalar jam'iyyarsu. Biya da saka kaya a kago ba ruwanta, suna da wakilin da ke wannan. Ita nata ta taɓa yadi da hannunta ta ce wannan ya yi, domin a zaɓen baya an sayo wani da ya zuba tun wankin farko, mata suka yi ta yi mata tsiya. Kwana takwas aka ba ta.

Sai na faɗi yadda Gwaggo take rabon mayafi, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba. Sauran shugabannin mata kan tara jama'a a filin makaranta, a buɗe bayan mota, a yi ta wawaso har a tattake tsofaffi. Gwaggo ba ta taɓa yin haka ba. Gida-gida take bi, ta yi sallama, ta zauna a tabarma, ta sha ruwan gidan ko ba ta jin ƙishi. Sai ta zaro mayafi ta ce wa matar, "Faɗi abu ɗaya da kike so in Allah Ya ba mu nasara. Ɗaya fa, kar ki jero min goma." In matar ta faɗa, sai Gwaggo ta kama bakin mayafin ta yi ƙulli, ta ja shi da haƙori ya ɗauru tam, ta miƙa mata ta ce, "Ranar da aka yi, ki aiko a kira ni in kwance da hannuna." In zaɓe ya zagayo ba a yi ba, ba za ta ba ki sabo kawai ta wuce ba. Sai ta ce ki ɗauko tsohon, ta ƙara ƙulli na biyu kusa da na farko. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta san ƙullin kowace mace a mazaɓar nan, ta san abin da aka yi shi a kai.

Kuma da ana kwancewa. Na ga ranar da aka haƙa rijiyar burtsatse a bayan masallacinmu, mata bakwai suka zo gidanmu da mayafansu, Gwaggo na kwancewa ana rangaɗa guɗa. Na ga na injin niƙa, na ga na taransifoma. Shi ya sa a unguwarmu in ana musu aka ce "ai Hajiya ce ta faɗa", wato Gwaggo, to magana ta ƙare. Gwaggo ba ta haihu ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, gidan da ta raine ni ɗaki biyu ne da tsakar gida. Abin da ta mallaka a duniya ke nan: in ta yi magana a yarda. Ni kuwa daga nan ina jin ƙishin-ƙishin ta waya cewa abin ya fara lalacewa. An daɗe ba a kwance ko ɗaya ba. Wata ƙawata ta ce min a wani taron suna Gwaggo ta shiga ɗaki ana tsaka da hira, sai kowace ta koma duban farcenta. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai, don na san ko kwabon wani ba ta taɓa ci ba.

Ni tuni na bar jam'iyyar tasu. Mu mazauna waje ai mun fi kowa iya sauya sheƙa. Ba ma jefa ƙuri'a, katin zaɓena ma yana ƙasan akwati tare da takardun makaranta, amma a falon gidanmu na Satwa, inda mu huɗu muke haya, sai da muka canza jam'iyya sau uku cikin wata biyu, muna zaune a kujera muna cin shawarma. Kowace ta kira gida ta ba da umarnin wanda za a zaɓa, a ce mata to, a ajiye waya a yi abin da aka ga dama. Da na ji Gwaggo za ta zo, sai na ce faɗuwa ta zo daidai, zan nuna mata garin nan da idonta, ta ga yadda ake mulki, ta koma ta watsar da mutanen nan kafin su ƙarasa zubar mata da mutunci.

Ranar da ba ni da aiki na ɗauke ta muka shiga jirgin ƙasan nan da ba shi da direba, na kai ta can gaba jikin gilashi. Da ya tashi ta waiga dama ta waiga hagu, ta damƙi hannuna ta ce, "Innalillahi! Wa ke jan mu?" Na yi dariya har da ƙwalla. Amma gaskiya ni kaina, duk daɗewata, in jirgin nan ya hau sama da la'asar ya ratsa tsakanin dogayen benaye, rana na dukan gilasansu, motoci can ƙasa layi-layi ba mai yi wa wani ham, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Gwaggo ta saki hannuna ta kama ƙarfe, tana ɗaga kai tana ƙirga hawa har ta gaji ta bari. Bakinta sai motsi yake, tasbihi take yi.

Na ga dama ta samu, na fara wa'azi. Na ce, "Gwaggo, kin ga fa, wurin nan rairayi ne zalla. Ko ciyawa ba su da ita sai sun shuka sun ba ta ruwa. Mu da Allah Ya ba mu komai, dubi inda mutanenki suka bar mu."

Ta ce, "An gaishe su. Allah Ya ƙara musu."

Na ce, "Ki ji tsoron Allah ki rabu da jam'iyyar nan."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke, rufa min baki. Ni ban yi wa kowa alkawarin jirgi ba. Ke da kika tsallake kika bar mu, ke ce za ki koya min siyasa? Ko akwati ɗaya kin taɓa tsarewa har a gama ƙirga?" Wata 'yar Filifin da ke kusa da mu ta matsa gefe, don muryar Gwaggo ba ta san cikin jirgi ba. Na ja bakina ina cika ina batsewa. Kwana uku na yi ina yawo da ita, na kai ta bakin teku, na kai ta inda ruwa ke rawa da kiɗa, na kai ta kasuwar zinare. Ko'ina sai ta ce masha Allah da zuciya ɗaya, ta sa in ɗauke ta hoto, mu dawo gida ta ɗauki waya ta ci gaba da tsara taron mata na ranar da za ta koma.

Jakar jama'a kuwa tana ta raguwa. Masu saƙo suna zuwa gida suna karɓa, su sha shayi su tafi. Ɗaya ya rage, na ɗan Iya mai koko. Iya maƙwabciyarmu ce, tsohuwa ce marar magana, ta fi shekara talatin tana dama koko a bakin layinmu. Da kokon nan ta karantar da ɗanta har ya yi difiloma a aikin wutar lantarki. Ya girme ni, tun ina yarinya yana gyara mana soket. Bai sami aiki a gida ba, daga baya wani ajan ya kawo shi nan, yana jan waya a gine-gine, yana kwana a Muhaisna. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu a gidan Iya, autar ma bai taɓa ganinta ba. Na san yana garin, mukan gaisa ta waya da salla, amma ban taɓa zuwa inda yake ba, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Na ce a ba direban tasi ya kai masa, Gwaggo ta ce a'a. Wai da Iya ta kawo saƙon cewa ta yi, "Hajiya, ki ba shi hannu da hannu, ki tsaya ya buɗe a gabanki, kar daddawar ta lalace a hanya ban sani ba." Gwaggo ta amsa mata da to, kuma in Gwaggo ta ce to, ko a kan ƙwayar gero ne, sai ta yi.

Ranar Lahadi ce hutunsa. Muka ɗauki tasi bayan azahar. Tafiya ta miƙa, benayen gilashi suka ƙare, muka shiga inda gidaje suke jere iri ɗaya, kowane baranda an shanya kayan aiki shuɗaye har ba a ganin ƙarfen. Fararen bas-bas sun yi layi a bakin titi. Maza ne ko'ina, wasu na aski a inuwar bango, wasu na waya sun toshe kunne ɗaya da yatsa, kowa da yarensa. Gwaggo ta leƙa ta taga ta ce, "Nan ma Dubai ce?" Na ce, "Masu gina waccan ɗin, nan suke kwana." Mata ba sa shiga gidajen ma'aikatan, sai muka zauna a shagon shayin wani ɗan Pakistan, na kira shi na ce mun iso.

Da ya shigo Gwaggo ba ta gane shi ba. Ta ɗauka wani ne zai wuce, har ta janye ƙafarta. Sai da ya cire takalmi ya durƙusa a tayil ɗin shagon ya ce, "Mama, sannu da zuwa, ya hanya?" sannan ta dafe ƙirji. Mutumin da muka sani kakkaura mai kumatu ya koma siriri, wuyansa ya yi tsawo, furfura ta fito masa ta gefe biyu. Hannuwansa duk sun tsattsage. Amma fara'arsa tana nan. Ya hana ni taɓa jakata, ya sa aka kawo mana shayin madara da suke kira karak, ya yi ta tambayar mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, har da mai faci. Ya ce aiki alhamdulillahi, zafi ne kawai, shi ma an saba, kalas, wato shi ke nan da Larabci. Ya ce, "Mama, in kun koma da magariba ki duba dogon benen nan mai lanƙwasa ta hannun dama. In kin ga ya haskaka da wutar lantarki tun daga ƙasa har sama, to hannuna na ciki. Hawa sittin da wani abu na yi a can." Yadda ya faɗa da alfahari sai na ji ƙwalla ta zo min, na yi kamar shayi ne ya ƙona ni.

Gwaggo ta ɗora masa saƙon a tebur ta ce ya buɗe, umarnin Iya ne. Ya zaro 'yar tastar wuta daga aljihun gaba ya yanke salatif ɗin. Ya yage baƙar leda ta farko, ya yage ta biyu, warin daddawa ya bugo mu. A ciki akwai ƙunshi, kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa, an haɗa su an ɗaure a cikin wani tsohon yadi. Yadin ya koɗe har ya kusa zama fari, amma ana gane da ruwan ɗorawa ne. Da ya warware shi ya shimfiɗa, sai ga bakinsa ya faɗo ta wajen Gwaggo. Ƙulli uku ne a jere, sun yi baƙi saboda taɓawa.

Mai shagon yana ta buga cokali a kofi. Ɗan Iya ya gane mayafin, don a gabansa aka yi ƙullin farko. Ya yi sauri zai dunƙule shi ya tura cikin leda, yana 'yar dariya yana cewa, "Iya ke nan, ba ta sami tsumma ba ne."

Gwaggo ta dafe yadin da tafin hannu. Ta ce, "Iya ba ta rasa tsumma ba."

Ta jawo shi gabanta. Ta kama ƙullin farko ta ce wannan shekarar da ya gama makaranta ne, Iya ta ce ba ta son komai sai a ba ɗanta aiki a ƙaramar hukuma. Ta kama na biyu ta ce wannan lokacin aka ce a kawo takardu, ita da kanta ta kai, ta yi sati tana wuni a bakin ofis. Ta kama na uku ta daɗe tana murza shi. Ta ce wannan har sunansa ya fito a jerin waɗanda za a ɗauka, ta je ta yi wa Iya albishir, da aka liƙa takarda sai aka ga ƙanin matar wani babba a gurbinsa. Tana faɗa muryarta ba ta rawa, kamar mai karanta wa likita inda ke mata ciwo.

Ya ce, "Mama, wallahi ni ban riƙe ki ba. Kowa ya san kin yi iya yinki."

Ta ce, "Ba kai na yi wa alkawari ba."

Ni a lokacin Iya nake tunani. Tsohuwar nan shekara goma sha biyu ba ta taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba. Kullum da safe sai ta aiko mana da koko. Ba ta je gidan rediyo ba, ba ta ƙona katin jam'iyya a bainar jama'a ba kamar yadda ake yi yanzu. Ta zauna ta naɗe kuka da daddawa, ta ɗora wa Gwaggo a ka, Gwaggo ta ɗauko da ƙafarta ta ƙetare teku da shi, ta zo ta zauna a gaban mutumin da aka yi ƙullin dominsa, ta gan shi da idonta. Ni da nake ganin na iya magana, kwana uku ina zuba ban motsa ta ba.

Gwaggo ta roƙe shi ya bar mata mayafin. Ya juye kayan miyarsa a leda, ta ninke yadin ta sa a jakar hannunta. Ya raka mu har bakin titi ya tare mana tasi. A hanya magariba ta yi, benen da ya faɗa ya haskaka da fitilu tun daga ƙasa har sama, fari fat. Na nuna mata, ta kalla har ya ɓace mana a baya. A gida ta yi salla ta ƙi cin abinci. Kalmar "ai na gaya miki" ta zo min har bakin leɓe, Allah Ya taimake ni na haɗiye ta.

Washegari ne ranar zaɓen yadi. Na ɗauka za ta ce ba ta zuwa, sai na ga ta riga ni shiryawa. Muka tafi Sabka, wajen manyan shagunan sari da ke kusa da tashar bas. Dillalin da aka haɗa ta da shi wani dattijo ne ɗan Maraɗi, ya daɗe a kasuwar, yana magana yana jefa "dakwar, dakwar", wato "to" da Faransanci. Ya kai mu shagon wani Ba'indiye, aka sauko da bandir uku, duk ruwan ɗorawa, wani ya fi wani turuwa. Gwaggo ta murza kowanne tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ta haska da fitila. Ta sa aka kawo ruwa a kofi, ta jiƙa bakin yadin ta goga a farin hankicinta, ta duba. Na farko ya bar shaida, na biyu ma haka, na uku bai bar komai ba. Ta ce, "Wannan shi ne. Ko shekara goma ba zai zuba ba." Dillali ya tafa ya ce, "Yalla, sai a kira wakili a ɗaure kaya."

Ta ce, "A kira shi. Amma ba da hannuna za a raba ba." Ta miƙo min wayarta ta ce in nemo mata shugaban jam'iyya, in sa a amsa-kuwwa, don kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.

A gida lokacin wajen takwas na safe ne. Ya ɗauka da fara'a, "Hajiya ta Dubai! An gama?" Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali. Ta ce yadi ta duba, na ukun za a ɗauka. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, daga yau na ajiye muku shugabancinku, na kuma bar jam'iyya."

Ya yi dariya ya ce rana ce ta buge ta, ta sha ruwan sanyi su yi magana in ta dawo. Da ya ji ba wasa take ba sai ya sauko. Ya ce ai akwai kujerar Makka da aka ware mata bana, bai so ya faɗa ba ne sai ta dawo. Ta ce ta riga ta sauke farali. Ya ce to mene ne, wa ya ɓata mata? Ta ce, "Ni na ɓata wa mutane." Daga nan muryarsa ta canza. Ya ce, "Wace jam'iyya ce ta saye ki?"

Ta ce, "Ba a taya ba ma."

Ya ce kafin jirginta ya sauka zai naɗa wata, kuma kar ta yi tsammanin za a sake gaishe ta a garin nan. Ta ce, "Ka naɗa. Ka dai gaya mata kar ta ɗauki na farko da na biyu, zuba suke yi." Ta yi masa sallama ta miƙo min wayar. Masu turin amalanke suna ta wucewa suna cewa a ba su hanya, Ba'indiyen ya tsaya da almakashi a hannu bai san me aka ce ba. Ɗan Maraɗin, wanda ya ji komai, ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Hajiya, shekara nawa kina tare da su?" Ta ce tun gashinta yana baƙi. Na kalli matar nan guntuwa da silifas ɗinta na roba, na ji kamar yau na fara ganinta. Wallahi duk benayen garin nan ba wanda ya taɓa ba ni tsoro irin yadda ta ba ni a ranar.

Dillalin ya kai mu ɗan ofishinsa a bayan shaguna, ya ba ta kujera ya kunna fanka. Ta sha ruwa. Sai ta ce in kira mata Iya. Iya 'yar ƙaramar waya ce da ita mai tocila, sai da ta yi ƙara sau biyu sannan aka ɗauka, muna jin ƙarar ludayi da kwanuka, tana tattara kayan koko. Suka gaisa doguwar gaisuwa, kamar ba komai, har da tambayar sauro.

Gwaggo ta ce, "Iya, saƙo ya isa. Ya buɗe a gabana."

Can Iya ta ce, "To, madalla."

"Na bar su, Iya. Yanzun nan na gaya wa shugaba."

Iya ta sauke numfashi har muna ji. Ta ce, "Ai mu mun daɗe da tafiya, Hajiya. Tun bayan ƙaramar salla. Duk Alhamis muna haɗuwa a gidan mai kitso. Ba wadda ta iya kallon idonki ta faɗa miki ne."

"Ku nawa?"

"Ki ce su wa suka rage."

Gwaggo ta rufe ido. Ta tambayi inda suka koma, Iya ta faɗi sunan jam'iyyar. Gwaggo ta ce, "Su ɗin ban san su ba. Ba zan iya ce muku za su yi ba." Iya ta ce, "Mu ma ba mu ce za su yi ba. Waɗannan ɗin ne muka gaji." Gwaggo ta ce to, ranar Alhamis za ta zo in za a bar ta ta shiga, a baya za ta zauna, kuma ba za ta ƙara yi wa kowa alkawari da bakin wani ba. Iya ta ce ƙofa a buɗe take. Na ɗauka magana ta ƙare, har na miƙa hannu zan karɓi wayar.

Sai Iya ta ce, "Hajiya." Muryarta ta yi ƙasa. "Yaya kika gan shi?"

Na san tambayar nan, kullum ina jin irinta a asibiti, na kuma san amsar da ake bayarwa. Na yi ta yi wa Gwaggo alama da hannu, ina motsa baki, ki ce yana lafiya, ki ce ya yi kyau. Ta kalle ni, ta juya min ƙeya.

Ta ce, "Ya rame, Iya. Ya rame ƙwarai. Ya yi furfura ta gefe biyu, hannuwansa duk sun tsattsage. Ni da kaina ban gane shi ba sai da ya yi magana. Amma yana kan ƙafarsa, yana dariya, ya tambayi kowa."

Muka ji Iya ta fashe da kuka, irin kukan tsofaffi marar ƙara. Na ji haushin Gwaggo har wuya, na ce a raina me ya yi zafi, tsohuwar nan da me za ta ji. Kukan ya ɗauki lokaci, ba wanda ya katse ta. Ɗan Maraɗin ya tashi ya fita ya ja mana ƙofa.

Da ta lafa sai ta ce, "Shekara huɗu ke nan, duk wanda ya dawo daga can sai ya ce min ya yi ƙiba. Shi ma hoton da yake turo wa matarsa na shekarar da ya tafi ne, ya ɗauka ban gane rigar ba. Na san in ke kika je za ki faɗa min, Hajiya. Na gode."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ta ajiye wayar a cinya, Iya na ta cewa "Hajiya, kina ji na?" ta ja mayafinta ta rufe fuska. Tun da ta ɗauke ni ina da shekara huɗu ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Na ɗauki wayar na ce, "Iya, tana jin ki."